Komawa Cikin Kaki: Kafin A Sake Kiran Mazan Jiya

Duk mai bin layukan Gyadi-Gyadi da Tarauni da sassafe ya san irin wannan dattijon, ko da bai san sunansa ba. Yana zaune a kan benci a ƙofar wani kanti, ko makarantar kuɗi, ko gidan wani attajiri, sanye da kayan kamfanin gadi waɗanda rana ta cinye launinsu, amma karin guga na nan tsaye a wandon. Takalminsa ya sha faci, duk da haka yana ƙyalli. Idan mota ta yi hon, tashinsa daban yake da na sauran masu gadi: zumbur yake miƙewa, dugadugai a haɗe, ƙirji a gaba, hannun dama ya ɗan ɗago kamar zai sara, sannan ya tuna inda yake ya kama ƙarfen ƙofa. Samarin layin Baba Saje suke ce masa, ko Baba Kofur. Da yamma yakan hau kekensa ya gangara Ƙauyen Alu, inda yake hayar ɗaki biyu, inda kuma a can ƙasan akwati, naɗe cikin leda, akwai littafin sallamarsa daga aikin soja da wasu lambobin yabo da suka fara tsatsa.

Shekaru da yawa ba wanda ya damu da shi. Amma tun da 'yan bindiga suka fara leƙowa ta Shanono da Tsanyawa, a kan iyakar Kano da Katsina, maganarsa ta dawo majalisu da teburin mai shayi da shirye-shiryen rediyo na kiran waya. Tambayar ɗaya ce: ga mutanen da ƙasa ta kashe kuɗi ta horar, sun san bindiga, sun san daji, me ya hana a mayar da su cikin kaki? Mutanen Tarauni ba baƙin wannan tsoro ba ne. Suna tune da yammacin Juma'ar 20 ga Janairun 2012, lokacin da aka kai hare-hare a sassan Kano har da Farm Centre da Unguwa Uku, aka rasa rayuka kusan 185. Don haka tambayar ta cancanci amsa ta tsanaki. Amsar da tarihi ya ba ni ita ce: komawar soja aiki tana da amfani idan mutumin ya koma da son ransa, bayan an gyara abin da ya fitar da shi kuma an biya shi abin da yake bi. In ba haka ba, an ƙara yawan kai a fareti ne kawai.

Komawar iri-iri ce

Masu maganar sukan haɗa abubuwa daban-daban a kwando ɗaya. Kurtun da ya fito daga makarantar horar da kurata ta Zariya, wadda ake horo a cikinta tun 1924, ba har abada ya sa hannu ba. Wa'adi ya ɗauka, kuma idan wa'adin ya cika zai nemi a sabunta masa, shugabanninsa su duba lafiyarsa da halinsa, su amince ko su ƙi, haka har ya kai iyakar shekara 35 ta aikin gwamnati. Wannan ita ce komawar da ba a jin labarinta, domin a ofishin bataliya take faruwa, a kan takarda, alhali ita ce ta fi kowacce yawa da muhimmanci. Akwai kuma sojan da aka kora ko aka yanke wa hukunci, daga baya aka yi masa afuwa aka mayar da shi. Sai na ƙarshe, irin Baba Saje, wanda ya gama aikinsa lafiya ya karɓi sallama, yanzu ake so ya sake ɗaura ɗamara. Nijeriya ta gwada dukkansu, kuma kowanne ya bar darasi.

Daga Bama zuwa Bama

A yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, Turawan Ingila sun kwashi dubban samarin ƙasar nan, da yawansu daga Arewa, suka zuba su cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su dazuzzukan Burma su yaƙi Japan. A bakin Bahaushe sunan ƙasar ya koma Bama. (Abin mamaki, jikokin wasunsu a wata Bama suka yi nasu yaƙin, ta jihar Borno, wadda Boko Haram ta kama a Satumbar 2014 aka ƙwato ta a Maris ɗin 2015.) Da aka gama yaƙi a 1945 aka dawo da su aka sallame su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wasu suka zama 'yan doka, wasu masinjoji da direbobi a ofisoshin En'e, wasu masu gadi, akasari kuma suka koma gona. 'Yan uwansu na Nijar da suka yi wa Faransa yaƙi ba su fi su sa'a ba. Da yawa sun sake sa hannu aka kai su Indochina da Aljeriya, sannan a 1959 Faransa ta daskarar da fanshonsu, aka shafe fiye da shekara hamsin kafin a daidaita shi da na Faransawan da suka kwana rami ɗaya da su.

Bayan shekara ashirin da biyu aka tuna da mutanen Bama. Lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, sojan Nijeriya bai wuce kimanin dubu 10 ba, kuma juyin mulki biyu na 1966 sun cinye hafsoshi da dama. Sai gwamnatin Gowon ta yi shelar tsofaffin sojoji su dawo. Suka dawo kuwa, wasu da furfura, aka ba su igiyoyin kofur da saje suka riƙe sababbin kurata. Ba wanda zai musanta cewa sun yi amfani, domin su ne suka koya wa yaran yadda ake haƙa rami da yadda ake kwanciya idan harsashi na shawagi. Amma gaggawar ta zo da farashinta. Da sojojin Biyafara suka kutsa yankin Tsakiyar Yamma a watan Agustan 1967, cikin 'yan kwanaki Murtala Muhammed, ɗan Kano, ya harhaɗa runduna ta biyu da duk wanda hannu ya kai gare shi: tsofaffin sojoji, akawuna, masu dafa abinci, kuratan da ba su gama horo ba. Rundunar ta kori abokan gaba, amma ita ce ta yi mummunar asara a yunƙurin tsallaka kogin Kwara daga Asaba zuwa Onitsha a Oktoban shekarar, kuma ita ce aka yi wa kwanton ɓauna a Abagana a Maris ɗin 1968. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zuwa 15 ga Janairun 1970 da aka ajiye makamai, sojan ya kumbura zuwa kusan dubu 250, ƙasa ta rasa yadda za ta yi da su, har shirin rage su ya shiga cikin koke-koken waɗanda suka kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976.

Abin da ya faru a 2015

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na zamanin Boko Haram, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. A watan Mayun 2014, a barikin Maimalari da ke Maiduguri, sojojin da suka ga an kawo gawarwakin abokansu da aka yi wa kwanton ɓauna sun buɗe wuta kan motar kwamandan runduna ta bakwai, Manjo Janar Ahmadu Mohammed. A Satumba kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa. A Disamba aka yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci saboda sun ƙi fita aikin ƙwato wasu garuruwa a yankin Damboa. Ban da waɗannan, an kori dubbai ba tare da doguwar shari'a ba, bisa zargin gudun yaƙi, ko zubar da bindiga, ko ƙin bin umarni. Abin da suke faɗa a kotu da wajen kotu iri ɗaya ne, kuma shi lauyansu Femi Falana ya yi ta nanatawa: ana tura su da harsashi ƙidayayye su tari mutanen da ke zuwa da manyan bindigogi a bayan motoci.

Da gwamnati ta sauya, Janar Tukur Buratai ya zama babban hafsan sojan ƙasa a Yulin 2015, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Manjo Janar Adeniyi Oyebade, aka tara korarrun a Jaji ana tantance su ɗaya bayan ɗaya. Cikin kusan mutum dubu 5 da aka duba, rundunar ta sanar da mayar da 3,032 bakin aiki, aka sake ba su horo aka nufi Arewa maso Gabas da su. A Disamban shekarar aka sassauta hukuncin kisan mutum 66 zuwa ɗaurin shekara goma. A daidai wannan lokaci ne kuma aka fara binciken kuɗin sayen makamai, kimanin dala biliyan 2.1, da ake zargin an karkatar. Wato ƙorafin kuratan ba shaci-faɗi ba ne.

Akasarin waɗannan mutane sun koma sun yi yaƙi a lokacin da ake ƙwace garuruwa daga hannun 'yan ta'adda. Mutanen da aka kira matsorata jiya su ne dai suka tsaya yau. Zuciyarsu ba ta canza cikin wata shida ba. Abin da ya canza shi ne kayan aiki da shugabanci da jin cewa wani ya saurari kokensu. Duk da haka ba kowa ne ya zauna ba, domin ba a jima ba aka sake sallamar wasunsu bisa zargin ƙin tafiya fagen daga. Mutumin da ya shekara a gida ba albashi, an fitar da iyalinsa daga gidan bariki, maƙwabta na nuna shi da baki, takardar afuwa ba ta goge wannan a rana ɗaya.

Tulun da ke yoyo

Kafin a je neman wanda ya fita tun shekara goma, ya kamata a tambayi dalilin da na ciki suke fita. A Yulin 2020 labari ya bazu cewa sojoji 356 sun nemi ajiye aiki a lokaci guda, kuma dalilin da aka rubuta wa mafi yawansu shi ne aikin ya fita daga ransu. Tun daga nan ake ta ganin irin waɗannan jerin sunaye. Rundunar takan ce wannan ba sabon abu ba ne, kowane soja na da ikon neman sallama, kuma gaskiya ne. Amma waɗanda ke tafiya akasari kofur-kofur ne da saje-saje, wato ƙashin bayan kowace bataliya. Dalilansu ba ɓoyayyu ba ne. Kurtu ya shafe shekaru albashinsa na kusan naira dubu 50 a wata, kuɗin da bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zo ya kasa sayen buhun shinkafa. Akwai waɗanda suka yi shekara huɗu ko biyar a bakin daga ba a canza su ba, 'ya'yansu na girma a waya. Sojojin ƙasar gaba ɗaya dubu ɗari biyu ne da 'yan kai, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma kusan kowace jiha akwai aikin da aka ɗora musu, daga Haɗin Kai a Borno zuwa Fansan Yamma a Zamfara da Katsina da Sakkwato.

Sannan sojan da ke aiki yana kallon yadda aka yi da na gabansa. Ya ji labarin sojoji 27 da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya, suka tare hanya a Akure a 2008 saboda alawus ɗinsu da ya maƙale, aka yanke musu ɗaurin rai da rai kafin daga baya a sassauta. Yana gani a wayarsa tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, suna neman garatuti da cikon fansho da alawus ɗin da aka yi musu alkawari. Yana ganin matar abokinsa da ya rasu tana yawo da fayil daga ofis zuwa ofis. Gani ga wane ya ishi wane. Ranar da wa'adinsa ya cika aka ajiye masa takardar sabuntawa, duk waɗannan hotuna suna tsaye a kansa.

Masu cewa a kira su yanzu

Hujjar masu goyon bayan kiran mazan jiya tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Suna cewa da tsohuwar zuma ake magani: kurtu sabo sai ya yi wata shida a Zariya, sannan ya ƙara shekaru kafin ya iya bambanta ƙarar bindigar abokin gaba da ta nasu, alhali tsohon saje makonni kaɗan sun ishe shi ya farfaɗo. Suna ƙarawa da cewa barin dubban mutanen da suka iya makami suna zaune cikin yunwa shi kansa haɗari ne. Na yarda da duka biyun. Inda na rabu da su shi ne a kan wane ne zai amsa kiran. Idan aka yi shela gobe a halin da ake ciki, layin da za a ja a barikin Bukavu ko Janguza zai yi tsawo, amma yunwa ce za ta tara yawancinsa. Wanda ya samu shago a Kantin Kwari, ko motar haya a tashar Unguwa Uku, ko aikin tsaro mai tsoka a wani kamfani, ba zai zo ba, kuma sau da yawa shi ne mai ƙoshin lafiyar da ake bukata. Wanda zai zo shi ne mai hawan jini da ciwon gwiwa da bashin kuɗin haya. Ba laifinsa ba ne, amma tura shi dajin Rugu ya bi yaro ɗan shekara ashirin a kan babur zalunci ne a kansa da kuma kan waɗanda za su dogara da shi.

Akwai masu cewa soja ba ya ciniki da ƙasarsa, kishin ƙasa ya isa. Wannan magana ta fi daɗi a bakin wanda albashinsa ke shiga a kan lokaci. Amurka, duk da yawan tutocinta, kuɗi take ajiyewa, dubban daloli, ga sojan da ya yarda ya sabunta wa'adinsa, musamman mai sana'ar da ke da wuyar samu. Lokacin yaƙin Iraƙi da ta riƙe dubban sojoji da ƙarfi bayan wa'adinsu ya ƙare, abin ya jawo ƙararraki da ɓacin rai, har daga baya majalisa ta amince a biya su diyya. Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai hafsoshin da ke tsoron cewa yi wa wanda ya gudu afuwa zai karya ladabi, gobe kowa ya gudu. Tsoron na da tushe, kuma ba wanda ke cewa a dawo da wanda ya sayar wa 'yan bindiga harsashi ko ya harbi farar hula. Amma ko Yukren, da ke tsakiyar yaƙi, ta yi doka a 2024 da ta ba wanda ya bar bakin aiki karon farko damar komawa ba tare da hukunci ba. Abin da ya sa tantancewar Jaji ta yi ma'ana shi ne an duba kowa da laifinsa, ba a yi kuɗin goro ba.

Abin da zai tarar a bariki

Masu shela ba su cika tunanin ranar farko ta wanda ya koma ba. Zai tarar yaron da ya koya wa kwance bindiga yanzu shi ne samanja, shi kuwa an mayar da shi da igiyar da ya fita da ita, dole ya ƙame ya ce masa yallaɓai. Zai tarar yaƙin ya sauya: ana maganar jirage marasa matuƙa da bama-baman da ake binnewa a hanya, abubuwan da ba su cikin horonsa. Shekarun da ya yi a waje, za a lissafa masa su cikin fansho ko sun bi ruwa? Idan yana karɓar fansho, za a dakatar ne ko a haɗa masa da albashi? Idan ya faɗi, wa zai biya iyalinsa, kuma a kan wace doka? A gida ma akwai hisabi. Uwargidan da ta yi shekaru tana kwana da waya a ƙarƙashin matashi, ta samu ta fara barci, yanzu za a ce mata Malam zai koma. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: da yawansu sun dawo da firgita cikin dare da saurin fushi, wasu da shan ƙwaya, ba likitan da ya taɓa zama da su. Duk da haka in ka saurari tsofaffin sojoji za ka ji kewar bariki a muryarsu, kewar abokan da aka ci tuwo kwano ɗaya, da zaman da kowa ya san matsayinsa. Wannan kewar gaskiya ce, kuma ita ce ake iya amfani da ita a cuce su.

Akwai aikin da ya dace da su wanda ba sai sun shiga daji ba. Jihar Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta biyo baya da Askarawa a Janairun 2024, Sakkwato ma ta yi nata. Waɗannan samari sun fi bukatar tsohon saje da zai koya musu ladabin riƙe makami fiye da yadda bataliya ke bukatarsa a sahun gaba. Haka gadin bariki da rumbunan makamai, da tuƙi, da gyaran motoci, da koyarwa a makarantun horo: duk wanda aka ɗora a nan ya 'yantar da matashin soja guda zuwa fagen daga. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa, wadda aka kafa da doka tun 1964, tana da rassa a jihohi, Hukumar Fanshon Soja kuma tana da sunan kowa da lambarsa. Abin da babu shi ne tsayayyen tsarin sojan ko-ta-kwana, mai rajista da gwajin lafiya duk shekara da ɗan alawus da yarjejeniya a rubuce.

Don haka kirana ga wakilan Kano a Majalisar Tarayya, har da mai wakiltar Tarauni, shi ne duk ranar da aka kawo ƙudurin dawo da tsofaffin sojoji, su nemi a fara ajiye musu lissafin bashin fansho da garatuti da haƙƙin matan mamata, da ranar da za a biya, da adadin sojojin da suka ƙi sabunta wa'adinsu cikin shekara biyar da suka wuce. Su karanta waɗannan takardu kafin su ɗaga hannu.